Rumbun Gadarif, Fim ɗin Tajuj da Muryar 'Yar Malam

Idan ana lissafin manyan gine-ginen zamani na ƙasar Sudan, yawanci a Hartum ake farawa, a can kuma ake ƙarewa. Za a ambaci Masallacin Nilaini na Umdurman mai ƙubba kamar an kifa ƙwarya a bakin ruwa, da Zauren Abota da ƙasar Sin ta gina a 1976, da gine-ginen Abdulmun'im Mustafa irin hedikwatar bankin Larabawa na raya Afirka. Duk sun cancanta. Amma ni da za a ba ni alƙalami, rumbun hatsi na Gadarif zan fara rubutawa, wanda mutanen garin ke kira Sauma'a. Ba don ya fi sauran kyau ba. Dalilina shi ne, daga gindinsa ake iya ganin yadda zamani ya shigo gabashin Sudan, da irin matsayin da ya ba Hausawan da ya tarar a wurin.

Sai an san ƙasar Gadarif kafin a gane girman wannan gini. Baƙar laka ce, shimfiɗe iyakar ganin ido. Da rani takan tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuma ta sha ruwa ta kumbura. Ginin da ba a yi wa tushe mai zurfi ba, shekara kaɗan sai ka ga bango ya dare. Shi ya sa aka daɗe ana sanin garin da ɗakunan ciyawa masu tsini, waɗanda ake kira guttiya, har a gidajen masu hali. Ɗakin ciyawa ba ya gardama da ƙasa, in ta motsa sai ya motsa tare da ita. To a kan irin wannan ƙasa aka dasa jerin tulunan kankare masu tsayi, manne da juna, da za su ɗauki hatsi tan dubu 100.

Tushen labarin yana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. A watan Yuli na 1940 sojojin Italiya suka fito daga Iritiriya da Habasha suka kama Kasala da Gallabat, Gadarif ta zama sansanin bayan fage na Ingilishi. Da aka kori Italiya, sai matsalar ciyar da dakaru ta taso. A wajajen 1944 zuwa 1945 gwamnatin mulkin mallaka ta kawo taraktoci yankin Gadambaliya, kusa da Gadarif, aka fara noman dawa da inji a kan ruwan sama. Dogon jirgin ƙasa kuwa ya riga ya iso garin tun 1928, don haka hanyar fitar da amfani a buɗe take. Gwamnati ta gwada da kanta bai yi mata daɗi ba, sai ta yanka filin gona-gona, eka dubu ko fiye, ta ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata haya. Cikin shekara ashirin tsohuwar kasuwar da ake kira Suƙ Abu Sin ta zama babbar kasuwar dawa da riɗi ta ƙasar baki ɗaya.

Hatsi ya yi yawa, wurin ajiya babu. Manomi yakan haƙa rami, wanda suke kira matmura, ya binne dawa ta shekara biyu ko uku, amma wannan dabarar gida ce, ba ta ɗaukar amfanin gonar da tarakta ke nomewa. A 1961 Janar Ibrahim Abbud ya je Mosko, Birezhneb ya rama ziyara a ƙarshen shekarar, aka ƙulla yarjejeniyar bashi da Tarayyar Sobiyet. Daga cikinta aka samu masana'antar madara ta Babanusa, da ta busar da albasa a Kasala, da na gwangwani a Karima da Wau, da rumbuna biyu: na Bur Sudan mai tan dubu 50, da na Gadarif mai ninkinsa. Kafin shekarun 1960 su ƙare an fara zuba hatsi, Bankin Manoma na Sudan ke riƙe da makullin.

Mai karatu zai iya cewa, to rumbu ai rumbu ne, me ya haɗa shi da fasahar gini? Abin mamakin shi ne, manyan malaman ginin zamani na Turai daga rumbu suka ɗauki darasi. A 1913 Bajamushe Walter Gropius ya buga hotunan rumbunan hatsi na Amurka da Kanada da Ajantina, yana nuna wa abokan sana'arsa cewa ga ginin da ba ya ƙarya. Bayan shekara goma Le Corbusier ya sake buga irin hotunan a littafinsa da ya zama kamar alƙibla ga masu zanen gini, har ya goge 'yan kayan adon da ke jikin wasu don su ƙara fitowa tsirara yadda yake so. Abin da ya burge su shi ne siffa ta bi aiki: tulu mai da'ira saboda nauyin hatsi yana tura bango ta kowane gefe daidai, tsayi saboda a ɗaga hatsi sama da bel a sake shi ya gangaro da kansa, babu taga saboda ƙwaro da laima. Bahaushe da ya ga wannan bayani zai yi murmushi, domin rumbun laka na ƙauyen Katsina ko Maraɗi da wannan hankali aka gina shi, har da ɗora shi a kan duwatsu don gara. Bambancin girma ne, da kuma wanda ke riƙe da makulli.

Nan ne maganar take. Ana kiran noman Gadarif noman inji, amma injin huɗa da shuka kawai ya ɗauke. Cire ciyawa da hannu ake yi. Yankan kan dawa, shekaru da yawa, da hannu. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in ya nuna kwanaki kaɗan ne, in ba a yanke an jingine shi ba sai kwanson ya fashe ya zube, shekara ta tafi a banza. Saboda haka kowace kaka sai dubban 'yan ƙodago sun cika gonakin: mutanen Darfur da Kurdufan, da na tsaunukan Nuba, da Habashawa masu tsallako iyaka, da Hausawa da Fulani da Barebari waɗanda ake haɗa su a suna ɗaya, Fallata ko Takarir. Da yawa daga cikin kakanninmu niyyar Makka ta fito da su. Suna tafe suna noma, a yi shekara biyu a wannan gari a tara guzuri, a ƙara gaba. Wasu sun isa sun dawo suka tsaya a hanya, wasu ba su taɓa ganin Bahar Maliya ba. Wani babban ayari kuma ya zo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Daga can da sauran wurare aka bazu zuwa gaɓar kogin Rahad da Atbara da Sitit, ana noma, ana su, ana lambu.

Waɗannan su ne suka cika rumbun. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da wadda ta gaje ta a 1957, sun sa sharaɗin cewa sai kakan mutum ya kasance a Sudan tun kafin ƙarshen shekarar 1897. A duba lissafin: mutanen Mai Wurno sun makara da shekara shida ko fiye. Wanda ba shi da takardar jinsiyya kuwa ba ya samun babbar gona daga hukuma, ba ya samun bashin banki. An sassauta dokar daga baya, amma rabon gonaki na farko ya riga ya wuce, kuma a harkar ƙasa rabon farko shi ne rabo. Haka aka wayi gari mai tarakta daban, mai lauje daban, kuma sau da yawa ana iya gane kowanne daga harshen da yake yi wa 'ya'yansa magana.

Shi kansa rumbun bai hana yunwa ba. A farkon shekarun 1980 ana fitar da dawar Sudan zuwa Saudiyya don abincin dabbobi, sai farin 1984 ya zo, mutanen Darfur da Kurdufan suka dogara da dawar agaji daga Amurka, har suka laƙaba mata suna Regan. Ina tuna dalar gyada ta Kano duk lokacin da na zo nan. Ita ma alama ce ta arziki da aka riƙa bugawa a kati da takardar kuɗi, ita ma ba a cika tambayar kan wa ya ɗauki buhunan ba. Sai dai dala buhu ce, da gyada ta ƙare ta ɓace. Na Gadarif kankare ne, yana nan tsaye.

Yaƙin da ya kawo tarakta shi ya kawo majigi. Jadallah Jubara, wanda aka haifa a 1920, ya yi aikin soja a sashen sadarwa lokacin yaƙin, a nan ya haɗu da masu nuna wa dakaru fim, abin ya shiga ransa. Bayan yaƙi ya shiga sashen fim na gwamnati, irin masu yawo da mota ƙauye-ƙauye suna kafa farin ƙyalle, daidai da majigin da aka sani a ƙasar Hausa. Ya je Amurka ya ƙaro ilmi, ya dawo ya ɗauki hoton kusan duk wani babban abu da ya faru a ƙasar, har da ɗaga tutar 'yancin kai a 1956. A 1974 ya buɗe ɗakin shirya fim nasa na kansa a Hartum, Studiyo Jad, kuma a ƙarshen shekarun 1970 ya fitar da Tajuj.

Labarin Tajuj na gabas ne, na ƙabilar Humran da ke zaune a gaɓar Sitit, ƙasar da ke tsakanin Gadarif da Kasala. Kyakkyawa ce da ta auri ɗan uwanta Muhallaƙ, jarumi kuma mawaƙi. Ya nemi ta yi masa abin da al'ada ta ɗauka wulaƙanci ne ga 'ya mace, ta yarda bisa sharaɗin zai biya mata buƙata ɗaya, da ya yi alkawari sai ta ce saki take so. Ya cika alkawari, baƙin ciki ya kashe shi, ita ma ƙarshenta bai yi kyau ba. Usman Muhammad Hashim ya mayar da labarin littafi a 1948, ana kuma lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko a Sudan. Jubara ya ɗauko mawaƙi Salah ibn al-Badiya ya ba shi babban matsayi, ya fita da kyamara cikin daji da raƙuma.

Ba fim ne marar aibi ba. Tafiyarsa na da nauyi, wasan wasu 'yan wasan ya fi kama da na dandamali. Abin da ya fi tsaya mini shi ne gabashin da ya zaɓa ya nuna: gabas ta takobi da raƙumi da gashin kai, ta shekara ɗari baya. A lokacin da ake ɗaukar fim ɗin, 'yan kilomitoci daga wuraren da labarin ya faru, taraktoci na ta cinye makiyayar da irin su Muhallaƙ suka yi kiwo, 'yan ƙodago na kwana a bukkokin kara a bakin gona. Wannan gabas ɗin ba ta samu mai ɗaukar ta a babban fim ba. Ban ɗora wa Jubara laifi shi kaɗai ba, ƙasa sabuwa takan so ta ga kanta cikin kayan kakanni. Mu ma a Nijeriya haka aka yi a 1976, da Adamu Halilu ya ɗauki littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya mayar da shi fim.

Ƙaddarar finafinan biyu ma ta yi kama. Gidajen silima na Sudan, waɗanda yawancinsu ba rufi gare su ba, ana kallon Indiya da Masar a ƙarƙashin taurari, sun mutu ɗaya bayan ɗaya bayan juyin mulkin 1989, dokar hana fitar dare ta kashe kasuwar, aka kuma rushe hukumar silima ta ƙasa. Jubara ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya ci gaba da aiki da idon 'yarsa Sara. A 2008, bayan doguwar shari'a kan fili, katafila ta rushe Studiyo Jad, shi ma ya rasu a shekarar. Faifan da suka tsira, wata cibiya ta Balin mai suna Arsenal ce ta taimaka aka mayar da su na kwamfuta. Ita ce kuma ta gyara Shaihu Umar bayan an tsinto faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wato ɗan Gadarif da ɗan Bauchi, in suna son ganin fim ɗin kakanninsu da kyau, ta Jamus za su bi.

Na bar waƙa a ƙarshe domin a nan ne kaɗai sunanmu ya fito fili. Gidan rediyon Umdurman an buɗe shi a 1940 don yaɗa labarin yaƙi, ana kafa lasifika a dandali mutane su taru. A 1942 aka ji muryar mace tana waƙa a cikinsa, karo na farko. Sunanta A'isha Musa Ahmad, amma duk Sudan da A'isha al-Fallatiya aka san ta. A Kasala aka haife ta, maƙwabciyar Gadarif ta arewa, iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar hajji ta kawo. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo a Umdurman, a gabansa ta koyi karatun Alƙur'ani, kuma duk wanda ya saurari yadda take fitar da harafi zai ji allon a ciki. Tun tana yarinya ta fara waƙa a gidajen biki. Malam bai so ba, ya aurar da ita don abin ya tsaya, auren bai ɗore ba. A ƙarshen shekarun 1930 wani kamfanin faifai ya kai ta Alƙahira, faifan garmahonta suka shiga shagunan shayi na Umdurman.

A yi tunanin abin da ta tsallaka. A wancan zamani waƙar birni mai daraja, wadda ake kira Haƙiba, ta maza ce. Waƙar mata ta tumtum ana ganin ta 'ya'yan bayi ce da matan gefen gari. Ga ta mace, ga ta sakakkiya, ga ta Bafallata. Da ta shiga rediyo wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan don kada a haɗa su da ita, masu wa'azi suka yi ta suka, har ta taɓa tunanin tattara kayanta ta koma Nijeriya. Masu sauraro ne suka riƙe ta. An kai ta sansanonin sojojin Sudan ta yi musu waƙa a fagen daga, kuma waƙoƙinta na lokacin, na matar da ke jiran wanda ya tafi yaƙi ya dawo lafiya, su suka sa gidajen da da ba za su bari a ambaci sunanta ba suka buɗe mata ƙofa. 'Yar uwarta Jidawiya tana kaɗa mata ud, abin da shi ma ba a saba gani a hannun mace ba. Ta bar waƙoƙi sama da 150, akasari da Larabcin Sudan, wasu da Hausa, ta kuma je Nijeriya ta yi wasa. Ta rasu a Umdurman a 1974.

Akwai dalilin da ya sa kunnen Bahaushe ke karɓar waƙar Sudan ba tare da wahala ba, ya bambanta ta da ta Masar ko Sham. Waƙar Sudan a kan sauti biyar take tafiya, kamar yawancin kiɗan ƙasar Hausa da na Habasha, ba ta da 'yan rabe-raben sautin nan na Larabawan gabas. Shi ya sa Sayyid Halifa da Muhammad Wardi suka yi masoya daga Addis Ababa har Kano, mutane na rera abin da ba su san ma'anarsa ba. Abdulkarim al-Kabli, wanda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a yankin Gadarif, ya zama malamin waƙa da ake ji da shi har ya rasu a Amurka a 2021. Duk matan da suka biyo baya suka tsaya gaban makirfo a Sudan, ta ƙofar da 'yar malam ta buɗe suka shiga.

Abin da nake yawan juyawa a raina shi ne laƙabin. Kalmar Fallata a bakin mutane da yawa ba yabo ba ce, takan zo da ma'anar baƙo, wanda ba a gama yarda da shi ba ko da a nan aka binne kakansa. A'isha ba ta sauya ba, da shi aka buga faifanta, da shi mai gabatarwa ke kiran ta. Sai ya zama duk ɗan Sudan da ya ce yana alfahari da mace ta farko a rediyon ƙasarsa, dole ya furta kalmar da bakinsa cikin girmamawa. Rumbun bai rubuta sunan kowa ba, fim ɗin ya kalli wani wajen, ita kuwa ta sa an faɗa.

Ban ce hakan ya warware matsalar ba. A 2008 Hausawa sun fito zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwan gabas, bayan wata jarida ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin maganar da ke cire su daga 'yan ƙasa, maganar da fadar ta musanta. A watan Yuli na 2022 rikici kan sarauta da mallakar ƙasa ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, aka kashe mutane da yawa, dubbai suka bar gidajensu, aka sake fitowa kan titi a Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Hartum. Tambayar dai ita ce ta 1948: yaushe kakanka ya zo? Kuma masu yin ta, da yamma za ka same su a gaban mai agashe, naman da sunansa ma Hausa ne, suna jiran a yanka musu.

Daga 15 ga Afrilu 2023 kuma yaƙi ya ci Hartum. Dogon benen kamfanin mai da ke bakin Nilu ya ƙone a watan Satumba na shekarar, gidan rediyon Umdurman, inda ake ajiye da faifan A'isha da na sauran mawaƙan ƙasar, ya yi kusan shekara a hannun mayaƙa kafin soja su karɓe shi. Da Madani ta faɗi a Disamba 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo Gadarif, aka cika makarantu da tashar mota da mutanen da a da su ke zuwa garin sayen riɗi. Cikinsu har da mawaƙa da 'yan wasa da masu zanen gini na babban birni. A daminar shekarar an yi shuka a Gadambaliya kamar kullum, da kaka kuma 'yan ƙodago suka shiga da lauje, manyan motoci suka yi layi a ƙofar Sauma'a.